AWON MAYE: DOKA TA HAU DIREBA, TA HAU UBANGIDANSA

Duk wanda ya biya kuɗin mota ya hau, ko ya yanki tikiti ya shiga jirgi, ya ɗauki ransa ke nan ya damƙa amana a hannun mutumin da bai sani ba. Ba shi da ikon tambayar direba abin da ya sha kafin ya kama sitiyari. To, wa zai tambaya masa? Wannan ita ce maganar da mutanen Amurka suka daɗe suna gardama a kanta, har suka kafa mata doka a 1991. Muna so mu bayyana wa masu karatu abin da ya jawo dokar nan da yadda take aiki, gama akwai abin lura a cikinta, tun ba ga akawuna da malamai ba, waɗanda aikinsu riƙon littafi ne da horon mutane.

Ran 4 ga Janairu 1987 wani jirgin ƙasa na kamfanin Amtrak ya taso daga Washinton za shi Boston, cike da fasinja. Da ya kai wani wuri da ake kira Chase a jihar Maryland, sai ya tarad da kawunan jirgi guda 3 na kamfanin Conrail sun shigo kan hanyarsa, alhali kuwa an ba su alamar tsayawa. Mutum 16 suka mutu. Da aka bincika aka ga direban kawunan nan da abokin aikinsa sun sha tabar wiwi. Aka kuma tarar an manne usur ɗin gargaɗi na ɗakin direban da tef don kada ya yi ƙara sosai. Direban ya yi shekara 4 a kurkuku, amma ɗauri bai tayar da wanda ya mutu ba. Sa'an nan ran 28 ga Agusta 1991 jirgin ƙarƙashin ƙasa ya goce daga kan hanya a birnin Niyok, mutum 5 suka mutu, aka iske direban a buge yake da barasa. Bayan wata 2, ran 28 ga Oktoba, Shugaba George Bush na fari ya sa hannu a dokar da ta wajabta awon barasa da ƙwaya ga ma'aikatan sufuri.

Dokar ta shafi direbobin manyan motoci da na safa-safa, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da matuƙan jirgin sama da masu gyara shi, da ma'aikatan motoci da jiragen haya na cikin birane. Watau duk wanda kuskurensa na minti ɗaya zai iya zama ajalin jama'a. Lokatan awo kuwa guda 6 ne. Ana auna mutum kafin a ɗauke shi aiki. Ana auna shi ba zato, ta hanyar ƙuri'a. Ana auna shi in shugabansa ya ga alamar maye a jikinsa. Ana auna shi bayan haɗari mai tsanani. In an taɓa kama shi, sai an auna shi kafin ya koma bakin aiki, a kuma riƙa bibiyarsa da awo bayan ya koma.

Barasa da numfashi ake auna ta, mutum ya hura iska cikin wata na'ura. A galibin jihohin Amurka mai tuƙa motarsa ta gida yana laifi in awonsa ya kai 0.08, amma ga direban babbar mota an yanka rabin wannan, watau 0.04. Ko da 0.02 aka samu, sai a sauke shi daga mota na awa 24. An kuma hana shi shan barasa cikin awa 4 kafin ya kama aiki, matuƙin jirgin sama kuwa awa 8. Ƙwaya da fitsari aka saba auna ta, ana neman iri 5: wiwi, da hodar iblis, da ƙwayoyin hana barci dangin amfetamin, da dangin ofiyom, da wata ƙwaya da ake kira PCP. A 2018 aka ƙara waɗansu magungunan kashe ciwo na asibiti cikin dangin ofiyom, domin an ga mutane sun mai da su abin maye. Wanda ya ƙi yarda a auna shi, hukuncinsa ɗaya da wanda aka kama.

Lalle wannan doka ba ta shiga ba sai da aka ja. Ƙungiyoyin ma'aikatan jirgin ƙasa sun kai ƙara tun a kan ƙa'idojin farko, suka ce karɓar fitsarin mutum ko jininsa ba tare da an tuhume shi da kome ba cin mutunci ne, kuma tsarin mulkin ƙasarsu ya hana bincike ba dalili. Magana ta kai Kotun Ƙoli. A 1989 alƙalai 7 suka ce tsare rayukan jama'a ya rinjayi wannan haƙƙi, 2 suka ƙi, cikinsu har da Thurgood Marshall. Mu dai muna tare da masu rinjaye, amma ba mu raina hujjar biyun nan ba. Mutumin da ya shekara 20 yana tuƙi bai taɓa take ko kaza ba, a ce masa ya shiga makewayi da kwalba kamar ɓarawon da ake caje, dole ransa ya sosu. Saboda haka doka irin wannan ba ta da kyau sai ta tsare mai gaskiya kamar yadda take kama mai laifi.

A nan ne muka ga hikimar masu tsarin. In an karɓi fitsari mililita 45, sai a raba shi kwalba 2 a gaban mai shi, ɗaya 30 ɗaya 15, a manne su da hatimi ya sa hannu. Takarda tana bin kwalaben nan daga hannu zuwa hannu, don a san wanda ya riƙe su da lokacin da ya riƙe. In ɗakin awo ya sami wani abu, ba ubangida ake fara gaya wa ba. Akwai likita na musamman wanda zai fara magana da ma'aikacin, ya ji ko magani ne aka rubuta masa a asibiti. In ma'aikaci bai yarda da sakamakon ba, yana da awa 72 ya nemi a buɗe kwalba ta biyu a wani ɗakin awo dabam. Wanda aka tabbatar da laifinsa kuwa, nan take za a sauke shi daga aikin, amma ba a rufe masa ƙofa har abada ba. Sai ya ga wani gwani a kan sha'anin shaye-shaye, ya bi horon ko maganin da aka yanka masa, a sāke auna shi. In ya koma aiki, za a auna shi ba zato aƙalla sau 6 cikin wata 12 na fari, ana kuma iya binsa har shekara 5.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne nauyin da aka ɗora wa masu motoci. Hausawa sun ce ko da ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a yarda ubangida ya sa sabon direba a mota ba sai sakamakon awonsa ya zo da kyau. Dole ya sa sunayen direbobinsa duka cikin ƙuri'a, ba zaɓen son zuciya, kuma wanda ƙuri'a ta faɗa kansa yau tana iya sāke faɗa masa gobe. A 2020 aka mai da yawan awon ƙwaya na ƙuri'a daidai da kashi 50 cikin 100 na yawan direbobin kamfani a shekara, na barasa kuwa kashi 10. In an yi haɗarin da ya ci rai, dole a yi awon barasa cikin awa 8, na ƙwaya cikin awa 32, in ba a yi ba ubangida ya rubuta dalili. Shugabannin direbobi sai sun sami horo na minti 60 a kan alamun barasa da minti 60 a kan alamun ƙwaya, don kada ƙiyayya ta zama hujjar tuhuma. Takardun wanda aka kama kuwa sai an adana su shekara 5. Ko mai mota ɗaya wanda shi ke tuƙa abinsa bai tsira ba, sai ya shiga wata ƙungiya ta sa sunansa cikin ƙuri'arta.

Duk da wannan, shekara kusan 30 akwai wata kafa da ta rage. Direba yakan faɗi awo a wannan kamfani, ya yi shiru ya tafi wata jiha ya nemi aiki, sabon ubangida kuwa bai sani ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai don yana bukatar direba. Ran 6 ga Janairu 2020 aka buɗe rajista guda ɗaya ta ƙasa duka a kwamfuta, inda ake shigar da sunan duk direban babbar mota da ya faɗi awo ko ya ƙi shi. Wajibi ne ubangida ya duba ta kafin ya ɗauki mutum, ya kuma sāke dubawa kowace shekara. Daga Nuwamba 2024 aka wajabta wa jihohi su janye lasin babbar mota daga hannun wanda sunansa ke ciki bai wanke kansa ba. Akawuna su lura da wannan. Na'ura tana da amfani, amma abin da ya toshe kafar nan littafi ne da aka riƙe da gaskiya.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibi ba. Awon fitsari yana nuna mutum ya sha wiwi kwanaki da suka wuce, wani lokaci har makonni, ba ya nuna ko a buge yake ranar da ya yi tuƙi. Da jihohin Colorado da Washinton suka halatta shan wiwi a 2012, Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar ta sanar cewa wannan bai shafi ma'aikatan sufuri ba, abin da maƙwabci zai sha lafiya shi zai raba direba da abincinsa. Har wa yau kuma awo ba ya maganin gajiya. Direban da ake biya gwargwadon tafiyar da ya yi, in barci ya kama shi, zuciyarsa za ta raya masa ƙwaya. Don haka ne wata ƙa'ida dabam ta hana direban kaya tuƙin da ya wuce awa 11 sai ya huta awa 10 a jere. In babu wannan, awon zai zama hukunta bara a kan laifin da ubangidansa ya tura shi.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma a watan Mayu na shekarar ne Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra tun 1988, da Hukumar Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi tun 1989. Amma duk mai son kwaikwayon tsarin Amurka ya sani tiramadol, wadda ta fi damunmu, ba ta cikin iri 5 ɗin da suke nema. Kwafe takardar wani ba tare da duba ciwon gida ba aikin banza ne.

Shawararmu ga hukuma ita ce, in za a ɗauki wani abu daga wannan tsari, a ɗauke shi da ƙafafunsa duka. A auna direba, a raba kwalba biyu, a ba shi likitan da zai saurare shi da hanyar komawa aiki in ya shiryu. A kuma tambayi mai mota littafinsa, a hukunta shi in ya sa wanda aka hana tuƙi a kan hanya. Dokar da ta tsaya kan direba kaɗai za ta zama wata hanyar karɓar na goro a bakin tasha. Akawun da aka ba riƙon irin wannan littafi kuwa, ya tuna duk sunan da ya goge don kunya ko don kwabo, mota guda ce cike da 'ya'yan mutane ya saka a hanya. Allah ya kiyaye matafiya, ya ba masu riƙon amana ikon riƙe ta.