Makaranta ba gini ba ce

A shekarar 2006 wani Ba'amurke mai hawan duwatsu, Greg Mortenson, ya fitar da littafi mai suna Three Cups of Tea. A ciki ya ce bayan ya kasa kaiwa ƙololuwar dutsen K2 a 1993, ya ɓata hanya ya faɗa ƙauyen Korphe a arewacin Pakistan. Mutanen ƙauyen suka yi jinyarsa, shi kuma ya yi musu alƙawarin makaranta. Labarin ya ratsa zukata. Yaran firamare a Amurka suka riƙa tara 'yan kwabbansu, Shugaba Obama ma ya bai wa ƙungiyar Mortenson, Central Asia Institute, dala 100,000 daga kuɗin kyautarsa ta Nobel.

A watan Afrilun 2011 shirin 60 Minutes na tashar CBS ya bi diddigin kusan makarantu 30 da ƙungiyar ke iƙirarin nata ne a Pakistan da Afganistan. Kusan rabinsu, ko dai babu ɗalibi ko ɗaya, ko wasu ne suka gina, ko tallafi ba ya zuwa. Wasu an mayar da su wurin ajiye ciyawar dabbobi. A 2012, bayan binciken antoni janar na jihar Montana, Mortenson ya amince ya mayar wa ƙungiyar dala miliyan ɗaya.

Abu mafi sauƙi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya laifi a shafa fatiha. Ni kuwa ina ganin masu ba da gudummawar ma suna da nasu kason. Mortenson ya gina makarantu na gaske. Abin da ya sayar kuwa shi ne abin da suke son saya: labari mai daɗi da hoton gini. Ana ɗaukar gini a hoto, a rubuta sunan mai bayarwa a bango. Albashin malami a wata na arba'in ba shi da hoto. Shi ya sa kuɗi ke kwarara zuwa bulo da kwano, malami kuma ya gaji da jira ya koma gona.

Haka batun malaman sa-kai yake. Matashi ya biya kamfani kuɗi, ya zo ƙauye na mako biyu, bai san harshen yaran ba, bai taɓa riƙe alli ba. Ya koya musu gaisuwar Turanci da sunayen launuka, ya tafi. Wani ya zo ya sake farawa daga gaisuwar. Baƙo raɓa ne, karatun yaro kuwa shekaru yake ci. A ƙasar wannan matashin ba za a bar shi ya riƙe aji ba sai da takardar koyarwa da binciken halinsa. Me ya sa abin da ba a yarda a yi wa ɗan Landan ba ya halatta a kan ɗan ƙauye?

Za a ce da babu gara ba daɗi. Amma kuɗin jirgin wannan baƙo kaɗai zai biya malamin ƙauyen watanni. Ba kuma kowane sa-kai nake suka ba. Lokacin da hukumar Peace Corps ta Amurka ta tura rukuninta na farko Ghana a 1961, malamai ne da aka horar kafin tafiya, kuma zaman shekara biyu suka je yi. Wanda ya zauna har ya ga ɗalibinsa ya canja aji, shi ne ya koyar.

Mu ma da ke tara kuɗi a ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai don gina ajujuwa a garuruwanmu, wannan tarkon yana gabanmu. Kafin ka miƙa ko sisi, a gida ko a waje, yi tambaya uku. Wa zai biya malami bayan shekara biyar? Iyayen yaran ne suka nemi wannan abu, ko kawo musu aka yi? Wa zai je ba tare da sanarwa ba, ranar Talata da hantsi, ya ƙirga yaran da ke aji? Idan babu amsa, riƙe kuɗinka har a samo ta.