Kafin ka miƙa wa na'ura mabuɗin rumbunka

A 'yan watannin nan matasanmu masu rubuta manhaja sun shiga wani sabon yayi: jona mataimakin ƙirƙirarriyar basira da asusunsu na GitHub. Aikin bai kai minti goma ba. Ka ƙirƙiri mabuɗin sirri a shafin, ka liƙa shi a saitin mataimakin, shi ke nan ya shiga. Ina goyon bayan a yi hakan, amma yadda akasari ake yin sa ganganci ne, kuma gangancin yana cikin irin mabuɗin da ake miƙawa.

Ga mai karatun da ba sana'arsa ba ce, bari in ɗan share fage. Masu rubuta manhaja ba sa barin aikinsu a kwamfuta ɗaya. Suna ajiye shi a rumbuna na intanet, inda kowane gyara ke da tarihinsa: wa ya yi, yaushe, don me. Linus Torvalds, mutumin da ya fara Linux, shi ya ƙirƙiro tsarin Git a 2005 don wannan aiki. A 2008 aka buɗe GitHub a kan tsarin, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma tun farkon 2023 masu asusu a cikinsa suka haura miliyan 100. Akwai takwarorinsa kamar GitLab da Bitbucket. Kowane rumbu yana da allon ƙorafi a gefensa, inda ake rubuta abin da ya lalace ko abin da ake son a ƙara. Idan rumbun na kowa da kowa ne, allon ma haka yake: duk wanda ke da asusu, a ko'ina yake a duniya, yana iya zuwa ya rubuta abin da ya ga dama. Ka riƙe wannan, don a kansa maganar ta tsaya.

Da can mataimakin yana zaune ne a akwatin hira. Kai za ka kwafo masa ƙorafin, ka kwafo masa layukan manhajar, ya ba ka shawara, ka koma ka aiwatar da hannunka. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'idar sadarwa mai suna MCP, wadda ke ba mataimakin damar shiga wasu manhajoji ya yi aiki da kansa. Kafin a yi wata shida OpenAI da Google sun ce su ma sun karɓe ta. A Afrilun 2025 GitHub ya saki nasa mahaɗin na MCP a hukumance, wata guda bayan nan kuma ya ba da damar ka ɗauki ƙorafi ka ɗora wa mataimakinsa Copilot kamar yadda za ka ɗora wa abokin aiki, ya je ya yi gyaran ya kawo maka ka duba.

Amfanin ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe rumbu mai jama'a ya san haka. Yawancin wahalar aikin ba a rubuta sabon abu take ba. Tana cikin karanta ƙorafe-ƙorafe ɗari da suka taru, gano cewa goma daga ciki abu ɗaya suke faɗa, neman fayil ɗin da matsalar ta ɓuya, tuna dalilin da ya sa aka canja wani layi shekara biyu da suka wuce. Mataimakin da ke da ido a kan rumbu da allo lokaci guda yana gama wannan kafin shayinka ya huce. Ga matashin da ke aiki shi kaɗai, ba babba a kansa, ba wanda zai tambaya, wannan gata ne na gaske.

To amma a watan Mayun 2025 wasu masu binciken tsaro na kamfanin Invariant Labs da ke Zurich suka nuna abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya jona. Sun shirya gwaji mai sauƙi. Mutum yana da rumbu ɗaya na kowa da kowa, da wasu na sirri, duk a asusu ɗaya, kuma ya ba mataimakinsa mabuɗin da ke buɗe su duka. Sai wani baƙo ya zo allon rumbun jama'a ya rubuta ƙorafi, cikin ladabi, yana cewa marubucin wannan aiki bai samu yabon da ya cancanta ba, a duba sauran rumbunansa a tattaro bayani a kansa a sa a shafin farko. Mai asusun bai san da wannan ba. Abin da kawai ya ce wa mataimakinsa shi ne ya duba ƙorafe-ƙorafen da ke allo. Mataimakin ya karanta, ya ɗauki maganar baƙon a matsayin aikin da aka sa shi, ya shiga rumbunan sirri, ya kwaso abin da ke ciki, har da bayanin albashi, ya zuba su a buƙatar gyara da ya buɗe a rumbun jama'a, inda kowa zai gani. Ba a fasa kalmar sirrin kowa ba. Kuma mataimakin da aka yi gwajin da shi ba na banza ba ne, Claude ne na Anthropic, ɗaya daga cikin samfuran da suka fi ƙarfi a lokacin.

Masu binciken da kansu sun ce laifin ba a rubutun mahaɗin GitHub yake ba, balle a toshe shi da gyara ɗaya. Yana cikin yadda waɗannan na'urori ke aiki ne. Umarnin mai gida da rubutun da aka ce su karanta duk suna shigar musu ne a matsayin kalmomi a jere, ba wata katanga mai ƙarfi a tsakani. Kamar yaron shago ne mai ƙwazo da biyayya, ka ba shi makullan shago da na sito da na akwatin kuɗi, amma duk takardar da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa sai ya ɗauka daga gare ka take. Simon Willison, masanin manhaja ɗan Birtaniya da ke bibiyar wannan matsala tun 2022, ya taƙaita haɗarin a abubuwa uku: na'urar ta iya ganin bayanan sirri, ta riƙa karanta rubutun mutanen da ba a sani ba, sannan ta iya fitar da saƙo waje. Idan ukun suka haɗu, an gama. Wanda ya jona GitHub da babban mabuɗi ya haɗa su a zama ɗaya.

Kada a ce matsalar GitHub ce kaɗai. A watan Mayun 2025 ɗin dai, masu bincike na kamfanin Legit Security suka bayyana irin wannan rauni a Duo, mataimakin GitLab, inda aka iya ɓoye umarni a cikin sharhi da bayanin gyara. An toshe wancan. Abin lura shi ne umarnin ba dole ne idonka ya gan shi ba. Ana iya rubuta shi ta yadda shafin ba zai nuna ba, amma na'ura za ta karanta.

Na san amsar da ake bayarwa: ai mataimakin yana neman izini kafin kowane mataki. Haka ne, a ranar farko. Wanda aka tambaya sau arba'in a awa ɗaya ko ya yarda, kafin azahar ya danna maɓallin da ke cewa a yarda kullum. Masu ƙera waɗannan manhajoji sun san haka, shi ya sa suka sa maɓallin. Akwai kuma masu cewa sababbin samfura sun fi wayo, ba a yaudarar su da sauƙi. Wannan ma gaskiya ne, kuma kamfanonin suna ƙoƙari. Sai dai ɓarawo ba ya gajiya da gwaji, kuma rubuta ƙorafi a allo kyauta ne. Ko ba ɓarawo ma, na'ura tana yin kuskure da kanta: a Yulin 2025 Jason Lemkin, wani ɗan kasuwar fasaha a Amurka, ya ba da labarin yadda mataimakin kamfanin Replit ya goge masa rumbun bayanai na aiki bayan ya hana shi taɓa komai, har shugaban kamfanin ya fito ya ce abin bai kamata ya yiwu ba.

Me ya kawo mu ciki? Rahoton GitHub na 2024 ya nuna masu asusu daga Najeriya sun haura miliyan ɗaya. Da yawansu aikin kwangila suke yi. Asusu ɗaya ne ke ɗauke da aikin makaranta, da ɗan abin da mutum ya saki don duniya ta ga gwanintarsa, da manhajar wani asibiti ko makaranta ko kantin da ya ba shi aiki. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba kowa ne ke cire mabuɗan biyan kuɗi da kalmomin sirri daga cikin fayilolinsa kafin ya ajiye ba, tunda dai rumbun na sirri ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ranar da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai suka fita ta wannan hanya, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta san wani mataimaki ba. Mutum za ta nema, kuma ta ba mai riƙe da bayanan awa 72 ne ya kai rahoto ga hukuma.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan a shafin, akasarinsa ba a biyan ko sisi. Tun 2022 GitHub ya kawo ƙananan mabuɗai waɗanda kai ne za ka zaɓi rumbun da za su buɗe, da abin da za su iya yi a ciki, da ranar da za su mutu. Tsohon nau'in, mai buɗe komai, shi ne har yanzu ake koyarwa a bidiyoyi da yawa don ya fi saurin saitawa. Mahaɗin GitHub ɗin ma yana da yanayin karatu kawai, inda mataimakin zai duba ya ba ka rahoto amma ba zai iya rubuta komai ba, kuma yawancin amfanin da na ambata a sama bai wuce karatu ba. Idan aikin ya kai ga rubutu, a ba shi rumbu ɗaya, ya yi gyaransa a reshe na daban, a kulle babban reshe ta yadda sai ɗan Adam ya karanta ya sa hannu. Mataimakin da zai karanta allon jama'a kuwa, kada ya taɓa riƙe mabuɗin rumbun sirri a zama ɗaya. Eh, wannan yana rage sauri. Ragin mintoci ne.

Wani gefen da ba na son ya wuce ni: mabuɗin da ke ba mataimakinka damar rubutu a allonka yana iya ba shi damar rubutu a allon wasu. Daniel Stenberg, ɗan Suwidin da ke kula da curl, manhajar da ke cikin biliyoyin na'urori, tun 2024 yake kuka da rahotannin matsala na ƙarya da na'ura ta tsara, waɗanda ke cinye lokacin 'yan sa-kai. Matashin da ke neman suna a wannan fage, ya saki na'ura tana zuba ƙorafi da sunansa ba tare da ya karanta ba, sunan nasa yake ɓatawa a wurin mutanen da watarana zai nemi aiki a hannunsu.

Kirana ga masu cibiyoyin koyar da fasaha a Kano da Kaduna da Abuja, da masu horar da matasa a shirye-shiryen gwamnati: duk darasin da zai koya wa ɗalibi jona mataimaki da rumbu, ya fara da yadda ake yanka ƙaramin mabuɗi, a kuma nuna masa gwajin Zurich da idonsa. Kai kuma mai kamfani ko mai makarantar da ka ba wani matashi aikin manhaja, kana da haƙƙin ka tambaye shi ko akwai na'urar da ke shiga rumbun aikinka, da kuma abin da mabuɗinta ke buɗewa. Idan ya kasa amsawa, ka ce ya soke mabuɗin yau ya yanka sabo.