Kafin Mu Ce Masa Daƙiƙi

A wannan makon muna son mu yi magana a kan ƙannenmu na firamare, musamman wanda ba ya riƙe karatu. Kusan kowane gida akwai irinsa. A aike shi kanti ya sayo magi da gishiri da ashana, ya dawo da magi kaɗai yana raba ido. A koya masa karatu da daddare har ya iya, da safe kamar ba a taɓa nuna masa ba. Mu yayyensa da aka ɗora wa aikin koya masa, mun san abin da muke yi: ranƙwashi, sai kuma "kai dai ƙwaƙwalwar kifi gare ka". Mu ma masu wannan rubutu mun yi, ba za mu ɓoye ba.

Amma wani abu ya tsaya mana a rai. Yaron nan da ya kasa riƙe sau bakwai, ya san sunan kowane ɗan ƙwallo, kuma idan sarƙar keke ta zame shi ne ke mayar da ita. To wane irin daƙiƙi ne wannan?

Da muka yi bincike, muka gano mantuwar yaro tana da dalilai da yawa, kuma lalaci ba shi ne na farko ba. Akwai yunwa, don wanda ya fito bai karya ba hankalinsa na kan tara, wato lokacin cin abinci. Akwai ƙarancin jini, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai rashin barci. Likitoci sun ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, to ina wanda ya yi boko, ya yi islamiyya, ya yi talla, sannan ya tsaya kallo a waya zai same su? Wani kuma kunnensa ne ba ya ji sosai, ko idonsa ba ya ganin allo daga bayan aji. Abin da bai shiga ba tun farko, ta yaya za a ce an manta shi? A shekarar 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma gubar tana lalata ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu.

Akwai kuma wanda lafiyarsa ƙalau, yana ci yana ƙoshi, amma haruffa ne ke yi masa gardama. Ana kiran wannan matsala disileksiya, kuma wani likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, ya yi rubutu a kanta da wannan suna tun 1887. Mai ita yana shan wahala wajen haɗa harafi da sautinsa. Ku dubi b da d da ɓ da ɗ na Hausarmu. Mu a wurinmu bambancinsu a fili yake, shi kuwa kullum sai ya tsaya ya yi tunani, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Wannan ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba kuma rashin basira ba ne. Idan aka karanta masa labarin da baki, sai ya amsa tambayoyin daidai.

Ra'ayinmu shi ne bulala ba ta da amfani a nan. Mu kanmu, idan malam ya tsaya a kanmu da dorina, amsar da muka sani sai ta gudu. To ina ga wanda dama da ƙyar yake riƙewa? Wasu za su ce ai akwai malalata na gaske, kuma da duka aka yi mu. Gaskiya ne akwai malalata. Amma malalaci idan ya ga uwar bari yakan yi karatu ya ci. Wanda aka yi shekara uku ana duka bai canza ba, ya kamata a gane ba a nan matsalar take ba. Abin da ke biyo baya mun sha gani: ya fara laɓewa a hanya, ya maimaita aji, daga nan a ce boko ba rabonsa ba ne a cire shi. Alhali tun watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, har a wajen ilimi.

Mun san aji ɗaya ya cika maƙil, malami ba zai iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Roƙonmu kaɗan ne. A daina sa aji ya yi wa wanda ya faɗi ature. A dawo da irin waɗannan yara layin gaba, a riƙa ba su umarni ɗaya-ɗaya maimakon uku a haɗe. A taron iyaye da malamai mai zuwa kuma, muna roƙon shugaban makaranta ya shawarci iyaye su kai irin wannan yaro asibiti a duba idonsa da kunnensa da jininsa kafin a yanke masa hukunci.

Mu kuma yayye, daren yau idan ƙanenmu ya kawo littafinsa, mu gwada layi biyu kacal, mu maimaita su gobe da jibi, hannunmu kuma yana cikin aljihu.