Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

An wayi gari masu tallar zamani suna yi mana albishir da wani tabarau na na'ura, wanda idan ɗalibi ya ɗora a idonsa sai ya tsinci kansa a gindin dalar Masar ko a zauren gidan tarihi na Landan, alhali yana zaune a aji. Hujjarsu ita ce gani ya kori ji. Ba mu musa ba. Tambayar da suke kauce wa ita ce: ganin me, kuma tarihin wa?

A tambayi ɗan sakandare a Zurmi labarin Dutsi, inda tarihin baka ya nuna nan ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara, a cikin ƙaramar hukumarsa. A tambayi na Shinkafi yadda Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, ko yadda Alƙalawa ta faɗi a 1808. A tambayi na Ƙaura wane ne Namoda, jarumin jihadin da garin ke amsa sunansa, ko me ya sa layin dogon da ya iso a 1929 ya tsaya a nan. Yaron da bai iya amsa waɗannan ba, in aka fara kai shi yawon Faransa, darasi guda zai ɗauka: tarihi abu ne da ya faru ga wasu, a wata ƙasa.

Abin takaicin shi ne, babu yankin da ya fi namu bukatar wannan fasaha. 'Yan bindiga sun mai da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi abin fargaba. Wane shugaban makaranta ne zai cika mota da 'ya'yan mutane ya nufi kufai a daji, bayan ɗalibai mata 279 da aka kwashe a Jangebe a 2021? Tun da ƙafa ta kasa zuwa, dole hoto ya je. Sai dai hoton da ake sayarwa ba namu ba ne, domin masu haɗa shi ba su san Dutsi ba.

Kuma dogaro da shi ganganci ne. Kamfanin Google ya rufe manhajarsa ta Expeditions, wadda aka yi musamman domin irin wannan ziyara, a 2021. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Darasin da ke rataye da intanet da kuma ra'ayin wani kamfani a Amurka, gini ne a kan toka.

Za a ce namu wuraren tudun ƙasa ne da ragowar ganuwa, ba su da ƙayatarwa. Ai aikin malami ke nan: ya sa tudu ya yi magana. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tana nan. Me zai hana ta haɗa hannu da masarautu da malaman tarihi, a ɗauki tashar jirgi, da kasuwar Alhamis ta Shinkafi, da duk kufan da tsaro ya bari a kai gare su, a naɗi bayanin dattawa da Hausa, a zuba a wayar da ke aiki ba tare da intanet ba? Dattawan nan ba za su jira mu ba, damina ma ba ta jiran ganuwa.

Gargaɗi na ƙarshe ga hukuma: kada tabarau ya zama uzuri. Hoton Dutsi bashi ne a kanku, ranar biyansa ita ce ranar da ɗalibi zai taka wurin da ƙafarsa, ya koma gida lafiya.