Lafiyar Uwargida: Wane ciwo tausa ke warkarwa, wane ne take ƙara wa wuta?

  

Yau a kan hannuwanki za mu tsaya. Ki lissafa aikin da suka yi tun asuba: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki da matsa, tuƙin tuwo da muciya, ɗaga yaro da sauke shi sau ba adadi. In kina sana'a a cikin gida kamar yadda matan Gobarau da sauran unguwannin cikin birnin Katsina ke yi, sai ki ƙara da ɗinkin hula, kitso, zanen lalle, murza taliya ko matsar ƙuliƙuli. Ga kuma wayar da kike karanta wannan rubutu a kanta, wadda babban yatsa bai huta da latsawa ba.

Idan dare ya yi jiki ya yi tsami, abin da muka saba shi ne a ɗauko man zafi, a kira yaro ya danna kafaɗa ko ya taka baya. Tausa tana da amfani, ni ma ina ba da shawararta. Sai dai akwai ciwon da take sauƙaƙawa, akwai wanda take tsanantawa, akwai ma inda take da haɗari ga rai. Bambance su shi ne darasinmu na yau.

Abu uku muke kira jijiya

Da Hausa muna cewa "ciwon jijiya" ga abubuwa mabambanta. Akwai farar igiya mai ƙarfi da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige. Akwai jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, wadda da ita muke jin zafi da sanyi. Akwai kuma jijiyar jini. Tsoka ita ce naman da ke jan ƙashi ya motsa, kuma ita ce ta fi jin daɗin tausa.

Idan tsoka ta maimaita motsi iri ɗaya na tsawon awanni ba hutu, sai ta sage ta yi tauri. Za ki ji nauyi a wuya da kafaɗa, ko wani ɗan ƙullutu a gefen allon kafaɗa da ke zafi idan an danna. Wannan ciwo tsoho ne. Wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, wanda littafinsa kan cututtukan ma'aikata ya fara fitowa a 1700, ya bayyana yadda hannun masu yini suna rubutu ke gajiya har ya kasa aiki. Nasu alƙalami ne, namu muciya da allura.

Ga irin wannan tsamin, tausa takan sassauta naman ta rage zafin. Amma sauƙin na ɗan lokaci ne. In gobe kika koma kan aikin yadda kika yi shi jiya, ciwon zai dawo.

Yadda ake yin ta

Ki fara da gasa wurin da tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi na minti 10. Ki shafa man kaɗe ko man zaitun don hannu ya riƙa sulɓi. Mai tausar ta fara da tafin hannu a hankali, tana shafowa daga ƙasa zuwa sama, wato daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, ko daga kafaɗa zuwa wuya ta baya. Idan ta tarar da ƙullutun, ta ɗora yatsa ta danna daidai gwargwado na kamar rabin minti, ta saki. Minti 10 zuwa 15 sun isa.

A tausa nama, a bar ƙashi da gaɓa, a kuma bar gaban wuya inda manyan jijiyoyin jini suke. Zafin da ya dace shi ne wanda kike iya numfashi da hira a cikinsa. In kin kai ga cije leɓe, an wuce gona da iri. Batun taka baya kuwa, gara a bar shi, musamman ga mai ciki, mai jego da tsofaffi, domin ƙashinsu ko gaɓoɓinsu ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin mutum.

Ciwon babban yatsa na masu jego

Wannan na yawan zuwa mana a asibiti. Makonni kaɗan bayan haihuwa, uwa ta fara jin zafi a gefen wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, musamman idan za ta ɗaga jariri ko ta matse zane. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana ciwon a 1895, kuma da sunansa ake kiransa har yau. Igiyoyi biyu masu motsa babban yatsa suna bi ta wani matsattsen kube. Yawan ɗaga yaro ta hammata, yatsa a buɗe, yakan sa kuben ya yi kauri, igiyoyin su riƙa gogar sa.

Ki gwada: ki naɗe babban yatsa cikin tafin hannu, ki rufe shi da sauran yatsu, ki karkata hannun a hankali zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa. In kin ji zafi mai kaifi a gindin babban yatsa, akwai alamar shi ne.

A nan murza wurin da ƙarfi tsokano shi ne. Abin da ya halatta shi ne tausa mai laushi a naman dantse, can sama da inda ke ciwo. Wurin kansa hutu yake so: a ɗora ƙanƙara da aka naɗe a tsumma na minti 10 zuwa 15, a sa ɗan takalmin hannu mai hana yatsan motsi na wasu makonni. Ki sauya yadda kike ɗaukar yaro, ki zura hannu ɗaya ƙarƙashin ɗuwawunsa, ɗayan a bayan wuyansa, yatsu a haɗe. Lokacin shayarwa ki sa matashi ya ɗauki nauyin kansa. In bai lafa ba, likita na iya yin allura a wurin, kuma yawanci tana aiki.

Yatsun da ke mutuwa da dare

In kina farkawa cikin dare babban yatsa, manuni da na tsakiya sun mutu, ko kina jin kamar ana tsira miki allura har sai kin yarfa hannu, to jijiyar saƙo ce ta matse a wuyan hannu. Yana yawan samun masu ciki saboda ruwan da jiki ke tarawa, kuma sau da yawa yakan tafi bayan haihuwa. Masu ciwon suga ma suna fama da shi. Danna wurin ba ya buɗe wa jijiyar hanya. Takalmin hannu da ke riƙe wuyan hannu a miƙe lokacin barci ya fi taimako. In cokali ya fara suɓuce miki, ko naman gindin babban yatsa ya fara ramewa, kada ki jira.

Inda ba a tausa ko kaɗan

Ina roƙon ki riƙe wannan ko da kin manta sauran. Mai ciki ko mai jego da sharaɓarta ɗaya ta kumbura, ta yi zafi ko ta yi ja, kada kowa ya tausa mata, ko ungozoma ce, ko mai yi mata wankan jego. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kuma haɗarinsa ya fi yawa a makonni 6 na farko bayan haihuwa, wato kusan daidai da kwanakin arba'in. Murza shi na iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu. Asibiti za a nufa a ranar. In numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na ciwo, a tafi nan take.

Haka kuma ba a tausa gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko wurin da aka faɗi a kai ana zargin karaya, ko inda akwai rauni ko ƙurji. Mai sikila da ciwon ƙashi ya taso masa da ƙarfi, asibiti ne maganarsa, kuma ba a ɗora masa ƙanƙara.

Sai batun magani. Shan diclofenac ko ibuprofen daga kemis kullum don a samu a ƙarasa aiki yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, kuma mai ciki ba ta shan su sai da izinin likita.

Ina za a je?

In kin yi mako biyu kina hutar da hannu ba sauƙi, ki nemi sashen gashin ƙashi. A nan Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda muka fi sani da Medikal Santa, da asibitin Janar Amadi Rimi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, da ke aiki tun 1959. Masu gashin ƙashi sun yi karatun aikin a jami'a. Za su duba ko tsoka ce, ko igiya, ko jijiyar saƙo, su yi tausar da ta dace, su kuma koya miki motsa jikin da zai ƙarfafa wurin, wanda shi ne ke hana ciwon dawowa.

Na san wata za ta ce, "Malama nas, in na huta wa zai yi aikin?" Gaskiyarki. Amma akwai abin da za a iya ragewa. Ki raba wanki kwana biyu. Wajen matsa, ki rataya zanen a ƙarfe ko igiya ki murɗa da hannu biyu. Ki sa wa tsintsiya doguwar sanda. Mai kitso da mai ɗinkin hula su miƙe duk bayan rabin awa su ware yatsu da kafaɗa. Wayar ma ki riƙe ta da hannu biyu. Yara maza da mata duk za su iya tuƙi da shara, kuma ki nuna wa maigida wannan rubutu, domin hannun da aka ƙi hutarwa mako biyu yana iya kwantar da aikin gida wata uku.

Wane aiki ne ya fi sa hannunki ciwo, kuma wace dabara kika samo? Ki rubuta mana a ƙasa don 'yan uwa su ƙaru. Tambayoyin da suka fi yawa zan amsa su a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara mana lafiya, ya raya mana zuri'a.