Ba Kowane Dutse A Sama Ne Wata Ba

A watan Satumba na 2024, labari ya bazu cewa duniya ta samu "wata na biyu". Bayan sallar Isha'i, wani dattijo maƙwabcina ya tare ni ya ce, "Malam, to da wanne za mu riƙa ɗaukar azumi?" Tambayarsa tana kan hanya, domin laifin na waɗanda suka fassara masa labarin ne.

Abin da ya faru shi ne, wani dutse mai faɗin kimanin mita 10, wanda masana suka laƙaba wa 2024 PT5, ya ratso kusa da mu, ƙarfin jan duniya ya riƙe shi har ƙarshen Nuwamba, sannan ya yi gaba. Ko zagaye ɗaya bai cika ba, kuma ido ba ya ganinsa. Watanmu kuwa faɗinsa kilomita 3,474 ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Mai karatu, bari mu ƙaddara an samu wata na biyu na haƙiƙa. Teku ne zai fara shaida. Wata ne ke jan ruwansa, ya cika ya janye sau biyu cikin kowace awa 24 da minti 50 a yawancin gaɓoɓi. Rana ma tana ja, amma tasirinta bai kai rabin na wata ba, shi ya sa cikowar ta fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokacin da suke kan layi ɗaya. Idan sabon watan ya kai namu nauyi, kuma yana rabin nisansa, tasirinsa a kan teku zai ninka na watanmu sau takwas. Ranar da suka haɗu a layi, biranen bakin teku irin su Legas sai dai addu'a.

Falakinsu ma ba zai zauna lafiya ba, domin kowanne zai riƙa fizgar ɗan'uwansa. Ko dai su daidaita tafiya, kamar watanni uku na duniyar Jufita, inda Io ke zagaye huɗu, Europa biyu, Ganymede ɗaya a lokaci guda, wanda wannan matsin ne ke hura duwatsu masu aman wuta a Io. Ko kuma a daɗe ɗaya ya ture ɗaya, ko su yi karo. Watan nan guda da muke da shi ma ba a tsaye yake ba: yana nisantar mu da kimanin santimita 3.8 a shekara, kamar yadda aka auna da madubin da 'yan sama-jannatin Apollo 11 suka bari a kansa a 1969.

A Hausa, kalmar "wata" tana ɗauke da abu biyu: na sama da na lissafi. Da ita ake ƙirga azumi da Hajji da idda da cikin mace. Wanda ya jefa ta a kanun labarai ba tare da bayani ba, ya taɓa ibadar mutane ko bai sani ba. Ina roƙon editocinmu da masu fassara a gidajen rediyo su fahimci labarin kimiyya tukuna kafin su juya shi. Da sun ce "wani ɗan dutse ya ratso kusa da duniya", da maƙwabcina ya yi barcinsa lafiya.

Allah Ya sa mu dace.