Darasin zaɓen Balarabe Musa

Edita, ka ba ni fili in tuna wa masu zaɓe labarin marigayi Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa.

A 1979 talakawan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa har da Katsina, suka zaɓe shi gwamna a jam'iyyar PRP, amma suka ba NPN rinjaye a majalisar dokoki. Majalisar ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinonin da ya aika mata, sai ya yi mulki ba kwamishinoni. A watan Yunin 1981 ta tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Balarabe Musa ne gwamnan farko da aka tsige a Najeriya. Ya sake neman ƙuri'a a 2003, a takarar shugaban ƙasa, bai yi nasara ba.

Har yau mukan yi ta cacar baki kan ɗan takarar gwamna, ba mu ma san sunan mai neman majalisa a mazaɓarmu ba. Alhali 'yan majalisa ne ke amincewa da kasafin kuɗi, su tantance kwamishinoni, su tsige gwamna. Jama'a, mu binciki halinsu kafin ranar zaɓe.


Mai karatunku, daga Zariya.